Babi na Biyar: Dutse na Uku

Kawuna ya yi farauta tun yana saurayi har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ƙauyensu yana arewa da Matankari, a gefen kwarin Dallol Mawri, inda yashin gonakin gero yake haɗuwa da jan dutse. Wata shekara da kaka na kai masa ziyara, dawowata ke nan daga wani taro a Yamai kan lalacewar daji, kaina cike da abin da na jiyo. Bayan sallar isha muna zaune a ƙofar gida, hira ta biyo ta kan namun dajin da ya sani da, sai na ce masa:

"Kawu, ai abin da ya ƙarar da su sananne ne. Mutane sun yi yawa, gonaki sun cinye daji, dabba ta rasa wurin zama."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. Ya ɗan jima yana jan carbi, sannan ya ce, "To, ɗana, angulu hwa? Mi gona ta yi mata? Mahauta tana nan inda ka san ta. Bisashe suna mutuwa kamar kullum. Manyan itatuwan bakin kasuwa da take kwana bisa, ba wanda ya sare su. Rabonka da ganin angulu goma wuri guda, shekara nawa?"

Na yi shiru. Maganar da na kawo masa ba ƙarya ba ce, har gobe ina riƙe da mafi yawanta. Abin da tambayarsa ta nuna mini shi ne na faɗi abu biyu a fili, na kuma dogara da wani abu na uku wanda ban furta ba, ban ma san na dogara da shi ba. Na ce gonaki sun faɗaɗa. Na ce namun daji sun ƙare. Tsakaninsu na binne wani zato, wato duk abin da ake kira naman daji buƙatarsa ɗaya ce, kuma babu abin da ke kashe shi sai rashin wuri. Ungulu kaɗai ta isa ta tono wannan zato.

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. In ka hangi murhu daga ƙofar madafa, sau da yawa biyu kake gani, na ukun yana can baya, toka ta rufe shi, amma da shi tukunyar take tsaye. Haka hujja take. Malaman zaure da suka karanta Sullam na Al'akhdari, ɗan littafin nan na ilmin manɗiƙi da aka rubuta a ƙarni na 16, sun daɗe da sanin cewa ƙiyasi cikakke yana da muƙaddima biyu kafin a kai ga natija, kuma a bakin mutane ba a cika kawo biyun ba. Uwar gida ta leƙa waje ta ce, "Hadari ya taso daga gabas, ku kwashe shanya." Ba ta tsaya ta ce hadarin gabas shi ne mai zubar da ruwa ba, don kowa a gidan ya san haka. Wannan ba laifi ba ne, da za a riƙa faɗin komai da magana ta gagari mutane. Hatsarin yana inda abin da aka bari a ciki gaskiyarsa rabi ce. Abin da aka faɗa ana iya musunsa, wanda ba a faɗa ba kuwa sai ya wuce salin-alin, har a gina doka a kansa, a ci mutane tara.

Hanyar gano shi ba ta da wuya, haƙuri take so. Ka raba abin da mai magana ya gani da idonsa daga hukuncin da ya yanke, sannan ka tambayi kanka: me ya zama dole ya kasance gaskiya kafin wannan ya haifi wancan? In ka samu abin da kake tuhuma, ka juya shi, ka ce a ce ba haka ba ne. In hujjar ta ci gaba da tsayuwa, ba shi ba ne. In ta kife, ka taɓa dutse na uku.

Kafin mu shiga tono, bari mu ba maganar haƙƙinta, don kada wani ya ɗauka ana neman wanke gatari ne. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan biyar da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012 gundumar Dogon Dutsi tana da mutum sama da dubu 370, ta Tibiri kuma, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, wajen dubu 270. Duk waɗannan bakuna gero suke ci, kuma da itace ake dafa shi. Masu bincike da suka gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a wani yanki gabas da Yamai sun ga cewa tsakanin 1950 da 1992 an share kusan kashi 80 cikin ɗari na dajin wurin. Mutumin Arewa ba ya buƙatar jirgi. Ya san da can ana barin gona ta huta shekaru, sabara da kalgo su rufe ta, zomo da fakara da zabon daji su samu maɓoya, yanzu kuwa maiso ya zama abin labari a wurare da yawa. Ya san yadda burtali ya ƙuntata har garke ba ya wucewa sai da faɗa. Ga gwanki ko gada, wannan kaɗai ya isa kora. Asarar mazauni gaskiya ce, babba ma. Tambayar ita ce ko ita kaɗai ce, kuma ko ga kowace dabba haka take.

Mu koma kan ungulun kawu. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidayar manyan tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da wajen kashi 98 cikin ɗari a wuraren da ba gandun daji ba. A 2015 ungulun gari ma, wadda muka tashi muna korarta daga bakin mahauta, ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Daga cikin manyan dalilan akwai guba da ake zubawa a mushe don kura ko dila ko karnuka, ungulu ta sauka garke guda ta ci, akwai kuma cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin magani. Wurin zamanta yana nan, ita ce babu. Haka jiminar Azbin. Babu manyan gonakin gero a cikin waɗannan kwaruruka na duwatsu, an ma shata wurin a matsayin gandun daji tun 1988, amma a shekarun tawaye na 1990 bindiga da mota suka share ta, har ta kai sai a killace ake kiwon ragowar irinta a Kelle, cikin jihar Damagaram.

A nan zaton ɓoye shi ne wanda ya fi kowane yawa a zancen mutane: abu biyu sun faru a zamani ɗaya, don haka ɗaya ne ya haifi ɗaya. Shekarun da gonaki suka faɗaɗa su ne kuma shekarun da bindigar zamani ta yawaita, mota ta fara shiga inda da sai doki ko raƙumi, aka shimfiɗa kwalta daga Dosso ta Dutsi zuwa Ƙonni, aka yi farin 1973 da na 1984, wanda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira El Buhari. Barewar da fari ya raunana, ta matso kusa da rijiya, ta gamu da mai bindiga a mota, wa ya kashe ta? Wanda ya ce gona ce kaɗai ya zaɓi mai laifi ɗaya cikin huɗu, kuma ya zaɓi wanda ba ya zuwa taro ya kare kansa.

Misalin da ya fi girgiza ni yana kan hanyar da duk ɗan Dutsi yake bi in za shi Yamai. Tsakanin Birnin Gawure da Kure motarka tana ratsa ƙasar raƙumin dawa na ƙarshe da ya rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Da can irinsa ya bazu daga Senegal har Tafkin Chadi. A 1996 aka ƙidaya guda 49 kacal. Inda suka tsira kuwa ba cikin gandun dajin W ba ne, wanda ake tsaro tun 1954. A gonakin Zabarmawa da makiyayar Fulani suka tsira. Da damina suna hawa tudu, su yi kiwo cikin dajin geza da ƙayoyi. Da rani sai su gangaro kwarin Dallol Boso, ɗan'uwan namu kwarin, su bi gawo. Manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana fitar da sabon ganye da rani lokacin da kowane itace ya bushe. Saboda haka ake barinsa a tsakiyar gona, kuma saboda an bar shi raƙumin dawa ya samu abincin rani. Da aka tsananta hana farautarsa, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan basussuka don mutanen ƙauyukan su ga amfanin haƙurinsu, sai adadin ya riƙa hawa har ya haura 600. A 2018 aka ɗebi guda takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun shekarun 1970.

A duba da kyau. Cikin waɗannan shekaru mutanen yankin ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi, gonaki ma haka. Da maganata ta daren nan doka ce marar togiya, da raƙumin dawa ya ƙare tuni. Zaton da ya kife a nan shi ne cewa gona da daji kishiyoyi ne, inda ɗaya ta shiga sai ɗayan ya fita. Shamuwa ma shaida ce, ita da ta fi yin sheƙa a itacen cikin gari, kusa da mutanen da suke murna da zuwanta don tana kawo albishirin damina. Amma ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki raƙumin dawa ya gina sabuwar doka da shi. Zaman ba na lumana zalla ba ne, yana cin waken mutane da mangwaronsu, kuma dajin tudu da yake dogara da shi da damina ana sare shi ana lodawa a mota zuwa Yamai. In wannan daji ya ƙare, gawon fadama ba zai riƙe shi shekara zagaye ba. Abin da misalin ya koyar shi ne a riƙa tambaya dabba dabba: me take ci, a wane wata, a ina take haihuwa, me ke kashe ta?

Akwai kuma wani zato da ke laɓe cikin kalmar "da". Kowa yana cewa da can daji ne. Wane da? A watan Afrilun 1899, da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, mutanen Sarauniya sun ja da baya cikin wani kurmi mai duhu da ƙaya wanda ya ba sojojin wahala. Wannan shaida ce cewa ƙasar Arewa ta taɓa ɗaukar daji mai kauri. Sai dai kurmin Lugu wuri ne da al'ada ta hana taɓawa, mutane ne suka tsare shi. Faɗin dajin da ke tsakanin garuruwa a wancan zamani kuma yana da nasa dalili: yaƙi da hari sun tilasta wa mutane cunkushewa wuri guda, ba mai iya kafa tunga nesa da gari, ga kuma annobar shanu ta wajen 1891 da ta share garkuna ta bar ciyawa ba mai ci. Dajin da dattawanmu na yau suke tunawa kuwa na shekarun 1950 ne, kuma waɗannan shekaru suna cikin mafiya ruwa da aka auna a yankin Sahel. Wanda ya ɗauki shekarar da ta fi kowace albarka ya mai da ita ma'auni, komai ya biyo baya zai gan shi lalacewa, har da abin da sauyin damina ne kawai.

An taɓa yin wannan kuskure a babban mataki. A 1934 wani malamin ilmin daji na jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani, ya ga yashi da busassun itatuwa, ya koma ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu, laifin kuma na manoma da makiyaya ne. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar a 1936 zuwa 1937, bai samu shaidar wannan gangarowa ba. Mutumin bai ƙirƙiri abin da ya gani ba. Ya zaci yadda ya tarar da ƙasa a watannin rani haka take, kuma da ba haka take ba. Da ya dawo a watan Agusta da ya ga wata ƙasa dabam. Duk da haka maganarsa ta fi rahoton kwamitin tsawon rai, har yau ana jin amonta a taruka.

Ko fako ma ana yi masa gurguwar fahimta. Wanda ya hau tudun da ke gefen kwarin ya san irin dajin nan mai ratsi-ratsi: layin itatuwa masu kauri, sai fili ƙwal ba ko ciyawa, sai wani layin. Baƙo yana ganin filin sai ya ce ga inda daji ya mutu. Alhali filin nan shi ke ciyar da layin. Ruwan da ya sauka a kansa ba ya nutsewa, gangarawa yake ya taru a gindin itatuwan, su sha nasu su sha na fako. In ka farfasa filin don ka dasa itace, ka tare wa layin da ke ƙasa ruwansa. Wani fakon kam ciwo ne da gatari da zaizaya suka haifar, ana kuma warkar da shi da ramukan rabin wata, amma wani halitta ne, kuma ido ɗaya ba ya bambance su daga cikin mota. Haka cikar tafki. Masu auna ruwan ƙasa a yankin Yamai sun ga ya hau da wajen mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha. Dalili shi ne an share daji, ruwa ya daina tsayawa inda ya sauka, yana kwarara zuwa tafkuna ya nutse daga can. Mutumin Dogon Dutsi da ya ga yadda ruwa ke sheƙowa daga duwatsu ya ci hanya ya shiga gidaje kafin ya kai Tapkin Saw ya san cewa yawan ruwa a kwari wani lokaci kukan tudu ne.

Yanzu mu zo inda abin ya fi ci mini rai, wato kalmar "saboda haka". Ba a kawo hujjar asarar daji don nishaɗi, ana kawo ta ne don a ce saboda haka a yi kaza. A nan ne zato yake zama tara da ƙwace gatari. In aka ce mutanen ƙauye sun cinye daji, an zaci wanda ke zaune kusa da daji shi ne mai cinsa. Matar da ke tsintar ƙirare ta ɗauko a ka, da motar da ke lodin itace zuwa birni don masu gidan burodi da masu tsire da dubban murahun gari, an haɗa su a kalma ɗaya, "mutane". Mu mazauna birni da muke rubuta rahotannin muna cikin masu cin wannan itace, kuma ba mu cika sa kanmu a lissafin ba.

Dokar daji ta mulkin mallaka ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, an gina su a kan zato guda: manomi abokin gaban itace ne, in ba hukuma ta tsaya ba zai sare. Don haka aka jera wasu itatuwa, ciki har da gawo, aka ce ko a gonarka suke ba ka taɓa su sai da izini. Sakamakon ya zo a juye. Manomi ya ga duk tsiron da ya bari ya girma zai zama dalilin zuwan ma'aikacin gandun daji, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Daga shekarun 1980, da riƙon ya sassauta, manoman Maraɗi da Damagaram suka shiga barin tohon kututture a gona suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar, ba tare da an dasa su ba. Dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙara wa mutanen karkara iko a kan itatuwansu. Manomin bai sauya hali ba. Tun farko lissafi yake yi, masu doka ne suka zaci ba ya yi.

Shata iyaka ma tana da nata zaton, cewa abin da aka zana a takarda ya tsaru a ƙasa. Tun 1962 aka ware wani babban yanki a kudancin jihar Dosso a matsayin wurin kare namun daji, mai faɗin sama da hekta dubu 300, amma zanen bai hana ƙauyuka da gonaki cika shi ba. Hujjar nan kuma da ake yawan ba mutanen ƙauye, cewa ku bar dabba don tana kawo baƙi da kuɗi, tana ɗauke da sharaɗin da ba a faɗa musu ba: muddin baƙin suna zuwa. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida masu aikin agaji da direbansu da ɗan jagoransu, ƴan Nijar. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Wanda aka koya wa cewa darajar raƙumin dawa kuɗin baƙi ce, me za a ce masa washegari, ga shi kuma dabbar tana cikin wakensa? Ni ina ganin dalilin da ya fi ƙarko shi ne wanda mutanenmu suka riga suka sani, cewa halitta amana ce kuma ba a ƙarar da iri, sannan a haɗa shi da biyan manomi ɓarnar da aka yi masa. Wannan ra'ayina ne, shi ma yana da nasa dutse na uku, amma gara in ajiye shi a fili a gan shi.

Masu kyakkyawan fata ma ba su tsira ba. Tun da labarin miliyoyin itatuwan nan ya bazu, ana jin masu cewa daji ya dawo, don haka namun daji za su dawo. An zaci itace shi ne daji. Gona mai gawo arba'in alheri ce ga gero da akuya da tsuntsu da bushiya, wataƙila zomo da zabo ma su ƙaru. Gwanki kuwa yana son fili mai faɗi da doguwar ciyawa inda ba a noma, ba kare, ba yaro mai kiwo, kuma wannan ba ya tohowa daga kututture.

Na koma wurin kawu bayan shekara biyu, da rani wannan karon. Na ba shi labarin guba da kasuwar magani, ya ce ya san da wannan, ya taɓa ganin angulu bakwai kwance kewaye da mushen jaki guda. Sai na tambaye shi barewa. Ya ce ita kam ba ƙarewa ta yi ba.

"Gudu ta yi, ɗana. Dabba ba ta son hayaniya. Da munka matsa mata sai ta yi gaba. Tana can wani daji."

Na sha jin wannan a bakin dattawa, daga Gesheme har Sukukutan, kuma a zamanin ƙuruciyarsu gaskiya ce. In an dami dabba a nan sai ta ƙaura can, in wuri ya yi shiru ta dawo. Maharbi bai taɓa tsoron zai ƙarar da ita ba, don a saninsa daji ba shi da iyaka.

Na ce, "Kawu, wane dajin? Faɗa mini inda za ni in gan ta."

Ya gyara zama, ya fara lissafi da yatsu, kamar mai bin sawu. Ya ambaci wani daji a yamma inda suka taɓa kwana uku suna bin garke, sai ya tsaya ya ce a'a, can yanzu tunga ce, jikan abokinsa ma can yake noma. Ya ambaci wani wajen iyakar Najeriya, ya ce wannan kuma har kasuwa tana ci ran Laraba. Ya juya arewa, ya kira sunan wani kwari da wata rijiyar makiyaya, ya tuna an ce gero ya kai can tun bayan El Buhari. Ya kai yatsa na biyar bai lanƙwasa shi ba. Ya daɗe yana kallon wajen tudu, inda rana ke faɗuwa bayan jan dutse, sannan ya kira ƙaramin jikansa ya ce ya shiga ɗaki ya ɗauko masa ƙahon nan da ke rataye a bayan ƙofa. Yaron ya kawo, yana juya shi a hannu, ya tambayi kakansa ko na akuya ne.